Kuɗin hutu na tafiya, mai hutu na zaune a gida

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ko na kamfani a Arewacin ƙasar nan ya san yadda hirar take kasancewa idan takardar hutun shekara ta fito. Abokan aiki su yi wa mutum barka, wani ya tambaye shi ina za a nufa, shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ina nan gida, sai dai a ɗan zaga dangi." Daga nan kowa ya san sauran labarin. Makon farko ya tafi wajen gaisuwar mutuwar da aka tara da ɗaurin auren da ba a samu zuwa ba. Na biyu ya ƙare a tsaye kan birkila da kafinta, ko a garejin bakanike. A na uku sai ka ga mutumin ya leƙo ofis da rana tsaka wai ya zo ɗaukar wata takarda, alhali zaman gidan ne ya ishe shi, ko kuma yana tsoron kada a gano cewa aiki na tafiya ko ba shi. Ranar da zai koma bakin aiki ya fi ranar da ya tafi gajiya, matarsa da 'ya'yansa kuwa ba su ga wani bambanci tsakanin wannan wata da sauran watannin shekara ba, illa dai maigida ya fi yawan faɗa.

Ba wai doka ce ta hana shi hutawa ba. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba duk wanda ya yi wata 12 yana aiki hutun akalla ranakun aiki 6 tare da cikakken albashi, ƙa'idojin aikin gwamnati kuwa sun ba ma'aikacin da ke mataki na 07 zuwa sama kwana 30. Har kuɗin hutu aka tanada, wanda a al'ada yake kashi 10 cikin 100 na tsurar albashin shekara. Sai dai tun da aka haɗe alawus-alawus na ma'aikatan tarayya cikin albashi guda a shekarar 2007, wannan kuɗi ya narke cikin abin da ake karɓa wata-wata, ana cinye shi ba tare da an san an ci ba. A jihohin da ake biyansa daban kuwa, sau da yawa yakan zo a makare, kuma kafin ya iso an riga an ci bashi a kansa. Mai kanti na jira, makarantar yara na jira. Ranar da ya shigo asusu, ranar yake fita.

Idan aka ta da wannan magana a majalisa, abin da aka fi ji shi ne yawon hutu al'adar Turawa ce, su da suka ƙoshi. Wannan magana tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin Turawan da ake misali da su ba da ƙoshi suka fara ba. A ƙarshen ƙarni na 19, a yankin Lankasha na ƙasar Ingila, masaƙu kan rufe na mako guda a kowace shekara, kuma ba a biyan leburori ko sisi na wannan mako. Abin da leburorin suka yi shi ne kafa ƙungiyoyin ajiya a unguwanni da masaƙu, kowa na zuba 'yan sulallansa mako-mako, idan lokaci ya yi a raba wa kowa abin da ya tara, gari guda ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku a Bilakful. Dokar hutu mai albashi ba ta zo Ingila ba sai a 1938, bayan Faransa ta yi tata a 1936. Wato talaka ne ya riga doka, kuma da abin da mu a nan muke kira adashi ya yi hakan.

Shi kansa Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne, ba kuma baƙon tanadi dominta ba ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sai da suka yi watanni suna haɗa jari da jakuna kafin madugu ya sa rana. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa kuwa sun yi shekaru a hanya, su tsaya a Fort Lami ko a gonakin auduga na Jazira a Sudan su yi ƙwadago su ƙara guzuri, su ƙara gaba; zuriyar waɗanda ba su dawo ba suna can har yau a garuruwa irin su Mai Wurno. Kalmar guzuri ma kanta shaida ce cewa mun daɗe da sanin ba a fita da hannu biyu. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne a yi guzuri domin tafiyar da ba riba za a ciwo ba, ba kuma farilla za a sauke ba, a je kawai a ga ƙasa a huta da iyali. Nan ne muke jin kamar almubazzaranci ne. Amma kakanninmu suna da rani, lokacin da aka kai amfani gida aka jingine fartanya, aka shiga bukukuwa da ziyara da farauta. Likita da ma'aikaciyar banki da malamin jami'a ba su da rani. Shekararsu duka damina ce, kuma hawan jini da ciwon suga da suka zama ruwan dare a tsakanin masu shekara 40 zuwa 50 ba sa tambayar ko hutu al'adar wa ce. Malamanmu ma sun sha karantar da mu cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, iyali ma haka.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba za a kawar da ita da daɗin baki ba: ina kuɗin suke? Kafin 29 ga Mayun 2023 ana sayar da litar fetur ƙasa da Naira 200, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan Naira 460 a watan Mayun 2023 ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka mayar Naira 70,000 a watan Yulin 2024 bai kai kuɗin buhun shinkafa na wancan lokaci ba. Wanda ke wannan mataki, rashin kunya ne a yi masa huɗubar yawon buɗe ido. Maganata da waɗanda ke sama da nan ce, irin masu karanta wannan shafi, waɗanda duk da kukan da ake yi suna canza waya duk bayan shekara biyu, suna ɗinka ankon biki biyar ko shida a shekara, suna kuma sayen ragon layya da idon maƙwabci. Duk wanda ya zauna ya haɗa lissafin waɗannan abubuwa na wata 12 zai tarar kuɗin kai iyalinsa wani wuri na kwana huɗu suna ciki, har da canji.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka wuce gona da iri. A wurinsu hutu bai cika hutu ba sai an buga biza a fasfo, an ɗauki hoto a Dubai ko Alƙahira ko Istanbul. Ba laifi ga mai hali. Abin takaicin shi ne wanda zai karɓi rancen albashi ko ya jinginar da fili domin mako guda, ya dawo ya yi wata 18 ana yankar albashinsa. Fasfo kaɗai, mai shafi 32, ya koma Naira 100,000 tun daga watan Satumban 2025. Mai mata da 'ya'ya huɗu ya kashe Naira 600,000 ke nan tun bai tambayi kuɗin jirgi ba. Har Umrar azumi, wadda ibada ce mai girman lada, ta fara zama wa wasu abin gasa, ana cin bashi a je ta huɗu ko ta biyar alhali yaran gidan ba su taɓa fita daga jiharsu ba. Wannan magana ce da malamai suka fi ni cancantar yi, na dai taɓo ta ne domin aljihun da ake ɗiba guda ne. Hutun da aka ci da bashi daɗinsa na ƙarewa a filin jirgi, ɗacinsa kuwa sai ya zagayo shekara.

To yaya ake tara kuɗin? Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce zai riƙa ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata. Babu abin da ke raguwa. Ba a taɓa yin watan da albashi ya fi bukata yawa ba. Ajiya tana tsayawa ne idan tana da suna da rana da adadi. Mutum ya zauna da maiɗakinsa su yanke cewa wuri kaza za a je, a hutun makaranta na watan kaza, kwana kaza za a yi. A buga waya a tambayi kuɗin ɗaki, a lissafa mai zuwa da dawowa, da abinci, da kuɗin shiga, da gyaran mota kafin a tashi, da tsarabar da ba makawa sai an yi. Mu ɗauka, alal misali, lissafin ya tashi Naira 400,000. A ƙara masa kashi ɗaya bisa huɗu saboda farashin yau ba shi ne na watan tafiya ba, ya zama Naira 500,000. Idan wata 10 ya rage, Naira 50,000 ke nan duk wata. Idan wannan adadi ya fi ƙarfin albashi, to an samu amsa tun da wuri: a rage kwanaki ko a zaɓi wuri mafi kusa. Gara a gane haka a kan takarda a falo da a gane a gaban mai karɓar kuɗin otal.

Sai kuma inda za a ajiye. Asusun ƙasa da iyayenmu mata ke binnewa a ƙuryar ɗaki yana da hikima guda, ita ce ba a iya taɓa abin da ke ciki sai an fasa, fasawar kuma tana da kunya. Wayar hannu ta kashe wannan hikima, domin yanzu kuɗin mutum na nesa da shi ne da danna lamba huɗu kawai. Don haka wajibi ne a ƙirƙiro wahala da gangan. A buɗe asusu daban a wani banki, kada a karɓi katin cire kuɗi, kada a ɗora shi a waya, a kuma ba bankin albashi umarnin ya riƙa tura adadin da aka yanke ranar da albashi ya shigo, tun kafin ido ya gani. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ba shi da uzuri yanzu, tunda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Ƙungiyoyin ajiya na ma'aikata da ake yanka daga tushe su ma suna wannan aiki, matuƙar shugabanninsu na gabatar da lissafi a bainar jama'a duk shekara.

Adashi kuwa har gobe babu kamarsa wajen tilasta wa mutum, saboda wanda zai iya yaudarar kansa ba zai iya kallon idon uwar adashi ya ce babu ba. Amma yana da sharaɗi. Dole a nemi ɗaukar da ta faɗo wata guda kafin tafiya. Wanda ya kwashi kuɗin hutun Disamba a watan Afrilu, ya sani ba za su ga Disamba ba. Kuma a yi shi da mutanen da aka san albashinsu da gidajensu, don an sha ganin adashin ofis ya watse saboda an yi wa mutum biyu canjin wurin aiki bayan sun kwasa. A nan mata sun fi mu ƙwarewa nesa ba kusa ba. Matar da ta haɗa kayan ɗakin 'ya'ya uku da zubin mako-mako ba ta bukatar wani ya koya mata tanadi, kuma maigidan da ya damƙa mata amanar asusun hutu ya fi wanda ya riƙe a aljihunsa kusa da ganin an yi tafiyar.

Akwai ɓarawon da ba ya fasa ƙofa, wato faɗuwar darajar kuɗi. Misalin kujerar Hajji ya ishi kowa: kusan Naira miliyan 3 a 2023, ta haura miliyan 8 a 2025. Wanda ya tara Naira a ƙarƙashin katifa domin tafiyar da ake biya da Dala ya ga abin da ya gani. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsarin adashin gata na Hajji da Hukumar Alhazai ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, bisa koyi da Tabung Haji na Malesiya da aka kafa tun 1963, yake juya kuɗin masu ajiya a harkokin halal maimakon a bar su kwance. Ga mai tanadin hutu darasin a bayyane yake. Kada ajiyar ta wuce shekara guda, a kuma biya abin da za a iya biya tun da wuri, kamar tikiti ko kafin alƙalamin ɗaki idan wurin amintacce ne. Tafiyar cikin gida kuwa da Naira ake yin ta, ba ruwanta da abin da 'yan canji suka wayi gari da shi a Wapa. Abin da bai kamata ko kusa ba shi ne a kai kuɗin wurin masu alƙawarin ninka su cikin wata guda. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a cikin waɗanda suka yi kuka har da masu digiri biyu.

Amma duk waɗannan dabaru masu sauƙi ne idan aka kwatanta da babbar jarrabawar, wato 'yan'uwa. Ma'aikaci a Arewa ba shi kaɗai ke cin albashinsa ba. Bayansa akwai iyaye, da ƙanne a makaranta, da gwaggo mai ciwon ƙafa, da ɗan ƙanin baba da aka kama da babur ba takarda. Yaya mutum zai ce babu alhali ya san akwai Naira 300,000 a wani asusu da sunan yawo? Ba na jin akwai mai hankalin da zai ce a bar mahaifiya a gadon asibiti a tafi kallon giwaye. Idan lalura ta gaskiya ta zo, a fasa asusun, Allah Ya mayar da alheri. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan abin da ke cinye ajiyarmu bai kai lalura ba: gudummawar biki ce, da kuɗin fom ɗin takara na wani aboki, da rancen da mai karɓa da mai bayarwa duk sun san ba za a biya ba. Maganin da na ga yana aiki shi ne a raba tukunya biyu tun farko. Ɗaya ta hidimar dangi da ko-ta-kwana, da adadinta sananne duk wata, ita ce ake fara cikawa. Ɗaya ta hutu, komai ƙanƙantarta. Idan ta farko ta ƙare a wata, ta ƙare, sai a ba da haƙuri da zuciya ɗaya, domin matarka da 'ya'yanka su ma dangi ne, kuma su ne kullum ake cewa su jira baɗi. Ba kuma dole ne kowa ya san da tukunya ta biyu ba. Kuɗin da aka san da su sun riga sun sami masu su.

Game da inda za a je, abin kunya ne a ce yaron da aka haifa a Kano ya san sunan dogon benen Dubai amma bai taɓa jin Wikki ba. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri, kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ta koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Tana cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da dorina, ga gwaggon biri da ke yawo a tsakiyar masauki yana jiran wanda zai bar tagar mota a buɗe da leda a ciki. Ruwan Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi, ɗuminsa na nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, kuma Allah Ya sa hakan ya dace da hutun makaranta biyu. Yaron da ya ga sawun giwa da idonsa ba zai manta ba har ya tsufa.

Mai ƙarfin hali da isasshen lokaci ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, ya ga gonakin shayi da sanyin da zai sa ya manta a Najeriya yake. Can kusa ne gandun Gashaka-Gumti yake, mafi girma a ƙasar nan, da Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, kwana biyu sun isa a kai yara rijiyar Kusugu a Daura da hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata ga wanda ba Bakano ba. Sauka a gidan ɗan'uwa na rage kuɗi, amma a tuna shi ma albashi yake jira, a shiga da buhu a hannu.

Ba za a rufe ido a kan matsalar tsaro ba. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 ya sa iyalai da yawa sun daina duk tafiyar da ba dole ba, kuma ba a ga laifinsu ba. Kafin a saka rana a tambayi direbobin tasha da mutanen garin halin da hanya take ciki a wannan makon, kada a dogara da labarin bara. A tashi da sassafe, a isa kafin la'asar, a kuma tanadi wuri na biyu da za a juya akalar tafiyar idan labari ya canza. Gwamnatocin jihohin da ke kashe miliyoyi wajen tallar yawon buɗe ido a Abuja da Landan su ma su sani, ma'aikacin da ya yi wata 10 yana tara kuɗinsa ya zo ya tarar famfo ba ruwa, janareta ba mai, ba zai dawo ba, kuma sai ya faɗa wa duk ofishinsu.

Ga mai son fita a hutun Disamba, lissafin watanni yana da tarko. Albashin Janairu na kuɗin makaranta ne, na Satumba ma haka, ga watan azumi da na layya da kowannensu ke zuwa da nasa nauyin. Wata huɗu ke nan da zubi zai yi wuya, na Disamba kuma ba ya isowa kafin a tashi. Saboda haka a raba adadin a kan wata 7, a kuma shigar da takardar neman hutu tun ana tsara jadawalin shekara, kafin manyan ofis su rabe Disamba a tsakaninsu.